Yadda Na Zama Mutumin Dakar a Dutse Alhaji

Tun da na dawo kun hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wannan ya ce "Mushe Isuhu, malaminmu, ya Abuja?", wancan ya ce "Ina tsarabarmu?", Sani kuma har cewa ya yi wai ya ji ƙishin-ƙishin kora ta aka yi. To, Sani, ba ƙishin-ƙishin ba ne, kora ta aka yi, sai ka zuba ruwa ƙasa ka sha. Zan ba ku labarin sau ɗaya, daga tashar Maraɗi har komowata, in na gama kowa ya ƙyale ni.

Kun san Kawu Ila, wan mahaifiyata, wanda ya daɗe yana tura kurar ruwa a Abuja. Shi ya kira ni ana tsakiyar damina, ya ce akwai wata makarantar firamare ta kuɗi a unguwarsu, Dutse Alhaji, suna neman malamin Faransanci. Shekara da shekaru shi yake kai musu ruwa, mai makarantar ta yarda da shi, ita ce ma ta tambaye shi ko ya san wani. Ni kuwa kun san halin da nake ciki a lakwal, makarantar ƙauyen da aka jefa ni, aji na zana, albashi sai ranar da ya ga dama. Ban yi wata shawara ba, na ce ina tafe. Su can a watan Satumba suke buɗe makarantu, ba Oktoba kamar mu ba, saboda haka na bar gero tsaye a gona ko kai bai gama cikawa ba.

Inna ta haɗa mini tsarabar Kawu: cuku, da kilishi, da man shanu cikin wata robar da ta rantse mini murfinta ba ya zuba. Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa ba abin da ya faru. A kan iyaka wani jami'i ya zare cuku guda ɗaya daga jakata, ya juya shi gaba da baya, ya ƙwanƙwasa shi a kan tebur, ya ce, "Malam, wannan ci ake yi ko rufin ɗaki?" Na ce ya gutsura ya ji. Ya gutsura, ya tauna, ya tauna, ya ce in wuce kafin haƙorinsa ya fita. Muka rabu muna dariya, na ce a raina ashe tafiyar mai sauƙi ce.

Daga Jibiya aka cusa mu cikin ƙaramar mota, mutum huɗu a kujerar mutum uku, jakata a kan cinya. Kusa da ni wata tsohuwa ce mai zuwa Kaduna ganin jika, tun daga Katsina take ba ni labarin surukarta, ni dai sai "to" da "Allah ya kyauta". Mun wuce Zariya sai ta shinshina, ta ce, "Ɗan nan, wa ke soya wani abu?" Na buɗe jaka. Wayyo! Man shanun Inna ya narke da zafin mota, ya bi ta murfin nan da ba ya zuba, ya jiƙe wandona na aiki da riguna biyu da na goge tun a gida. Tsohuwa ta duba ta ce, "Ai ba komai, ko ba a ɗauke ka aikin ba, an san daga gidan arziki ka fito."

Kawu ya tarye ni a Zuba. Na yi shekaru ban gan shi ba. Ya rame, gashinsa ya yi fari fat, yana jan ƙafar dama, in zai hau mota sai ya kama gwiwar da hannu ya ɗaga ta. Na ce, "Kawu, ƙafar ce haka?" Ya ce, "Mi ya samu ƙafar? Tafiya take yi. Kai dai kama jakarka, nan ba Maraɗi ba ne."

Ɗakinsu yana bayan wata rijiyar burtsatse, su da yawa, duk 'yan garuwa ne daga wajenmu, kowa da tabarmarsa da ƙusar da yake rataye riga. Suka karɓe ni hannu bibbiyu, aka dafa shinkafa da wake, aka ci kilishin Inna a zama ɗaya. Washegari Kawu ya nuna mini unguwar. Dutse Alhaji suna ne da ya dace da wurin, domin gidajen hawa suke yi suna bin dutse, lungu ya miƙe tsaye kamar tsani. Sauran 'yan garuwa can sama suke kai ruwa, mutum ya tura kura mai jarka goma yana nishi. Shi Kawu ya huta da wannan. Daga burtsatse zuwa makarantar hanya ce shimfiɗaɗɗiya, har da ɗan gangare, ya cika musu tanki da safe, ya ƙara da rana, ya samu abin da zai ci ya aika gida. Ya ce da ni, "Ka ga makarantar nan? Ita ce ta bar ni Abuja. In ba ita, gwiwar nan ba ta hawa dutse."

Da yamma, bayan an share harabar makaranta babu kowa, ya kai ni wurin mai ita. Kowa Madam yake ce mata. Mace ce mai jiki, mai fara'a, Hausarta irin ta Abuja, wadda namiji da mace duk ɗaya ne. Ta sa na karanta mata wani littafi da Faransanci, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta yi ta tafi. Sannan ta tashi ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Musyu, magana ɗaya ne. A nan kai ba ka jin Hausa. Ko kaɗan. Kai mutumin Senegal ne, daga Dakar ka zo."

Na ɗauka wasa take yi, na yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce iyayen yaranta ma'aikatan gwamnati ne, kuɗi suke biya don 'ya'yansu su koyi Faransanci na asali. A wurinsu ɗan Nijar mai ruwa ne ko maigadi. "In sun ji kana Hausa, za su ce na ɗauko mai ruwa na sa masa kwat. Makarantar da ke can gaba ta kawo ɗan Togo, yarana suna gudu can. Ka gane?" Ta juya wajen Kawu ta ce, "Baba Ila, kai ma ba ka san shi ba. In magana ya fita, ciyaman na iyaye zai ce mun haɗa baki, ni ba zan iya riƙe ko ɗaya a cikinku ba."

Raina ya ɓaci, har na fara tattara takarduna. Kawu ya taka mini ƙafa. Ya ce, "Madam, na ɗaukar masa alkawari. Yaron kirki ne, ba ya da surutu." Da muka fito na ce, "Kawu, ƙarya fa za mu yi." Ya ce, "Faransancin ƙarya ne? Ba ka iya ba? To koya musu, ka rufe bakinka ga sauran."

Saboda ɓarnar man shanu sai da muka je kasuwar Wuse neman kaya. Can na ga ikon Allah: mutum yana ciniki da Hausa, ya juya ya zagi yaronsa da Yarbanci, ya amsa waya da Ingilishi, duk numfashi ɗaya. Muka samu kwat ta gwanjo mai ruwan toka, hannunta ya ɗan fi nawa tsawo. Kawu ya ja da baya ya ƙare mini kallo, ya ce, "Wallahi ko ni na yarda daga Dakar kake."

Ku ji yadda nake zuwa aiki. Daga ɗakinmu ana hango rufin makarantar, amma ba ni da ikon miƙewa kai tsaye. Sai in fita ta baya da kwat a cikin leda, in zagaya ta bayan masu gyaran babur, in sa ta a wani lungu, in ɓulla babban titin Bwari, in hau keke napep ya sauke ni a bakin get kamar wanda ya taso daga cikin gari. Sau da yawa nakan tarar da Kawu yana juye ruwa a tanki. Sai ya cire hula ya ce, "Gudu moni, oga." Ni kuma in ɗaga masa hannu in ce, "Bonjur." Mutumin da ya goya ni a kafaɗa zuwa kallon kokawa ke nan. Kullum abin yana sukar zuciyata, shi kuwa daɗi yake ji, da yamma ya riƙa kwaikwayon tafiyata yana ba 'yan ɗaki dariya.

Ranar buɗe makaranta na sha kallo. Mu a nan ranar farko yara ne suke share aji, su ɗebo ruwa, mushe, wato malamin, ya zauna ana gaishe shi. Can malamai ne suke jeruwa a bakin get tun da sassafe, mota ta tsaya, malami ya ruga ya buɗe wa yaro ƙofa, ya karɓi jakarsa da kular abincinsa, ya rusuna wa uwar. Jakar ma mai taya ce, ja ake yi. Aka yi taron safe da ganguna da waƙa, Madam ta tsayar da ni a gaba ta yi dogon jawabi da Ingilishi, ban tsinci komai ba sai "Dakar" da "Musyu Yusuf". Aka ce in yi magana. Na rasa abin faɗa, sai na karanto musu wata haddar da muka yi tun muna aji huɗu, a kan hankaka da dila. Iyaye suka yi ta ɗaukata a waya, wata har da dafa ƙirji.

Yaran kuwa, Allah ya shirya. Ajin bai kai rubu'in namu ba, kowa da kujerarsa, ga fanka, kuma ba a taɓa yaro ko da tsinke. Da suka tabbata ba na jin Hausa sai suka mai da ni abin hira. Ina rubutu a allo, wani ya ce, "Kalli ƙeyarsa." Wata ta ce, "Kwat ɗin nan ta babansa ce." Wani ɗan ƙiba da ke zama a gaba kullum sai ya yi mini murmushi ya ce, "Bonjur, mai kan ƙwarya," ni kuma in shafa kansa in ce, "Tirebiyan." Ku da kuka san zuciyata, ku auna irin haƙurin da na yi. Amma fa suna da kai, kuma na so su. Kafin a je ko'ina sun iya gaisuwa da ƙirga, suna rera mini waƙoƙin da na koya musu har a bakin famfo.

Wadda ta fi ba ni kunya ita ce Malama Ladi, Bagwariya mai koyar da 'yan aji biyu. Tausayina take ji, wai baƙo ne a ƙasar da ba ya jin bakin kowa. Ta ɗauki nauyin koya mini Hausa. Ta nuna ruwa ta ce, "Ce ru-wa." In karkace baki in ce, "Ghu-wa." Ta yi ta murna tana kiran sauran malamai su zo su ji. Rannan ta kawo mini tuwon dawa da miyar kuka daga gidanta, ta wanke hannu, ta nuna mini yadda ake yanka loma a yi mata rami da babban yatsa. Ni, Isuhu, da aka yaye ni da tuwo! Na ci ina zare ido kamar yau na fara gani, na kusa shaƙewa don dariya da takaici. A waje kuma abincinsu teba ce da miyar agushi mai barkonon da zai sa ka tuna zunubanka. Furarsu ma da madarar kanti ake damawa, ban ƙara saye ba.

Haka muka yi ta tafiya har aka kusa hutun tsakiyar zango. Na saba, har na fara tunanin zan kai ƙarshen shekara.

Akwai wata yarinya a aji uku, Nana, mai shiru-shiru, ita ce ta fi kowa kyan rubutu. Ta yi kwanaki ba ta zo ba. Ran nan da safe muna jere a bakin get, Madam tana tsaye da ciyaman na iyaye, wani mai ƙaton agogo, ya kawo abokinsa da yake son sa 'ya'yansa a makarantar. Ni suka zo gani. Ciyaman yana dafa kafaɗata yana ta bayani, ina jin "Dakar, Dakar". Kawu yana gefe yana juye jarkoki.

Sai ga Nana a ƙasa, ba mota, wani tsoho ya riƙo hannunta. Rigarsa ta koɗe, takalminsa duk ƙura, da gani daga ƙauye ya zo kuma bai san kan wurin ba. Ya yi sallama, ya tsaya gaban Madam ya ce shi kakan yarinyar ne. Ya ce a yi haƙuri da rashin zuwanta, uwarta ce Allah ya yi wa rasuwa wajen haihuwa, abin da ta haifa yana nan da rai. Madam ta ce, "Eyya, sori Baba, sori," amma rabin hankalinta yana kan baƙon ciyaman. Malamai suka ce "sori". Mota ta tsaya, biyu suka ruga buɗe ƙofa. Tsohon ya tsaya yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, kamar yana jiran wani abu da bai zo ba, har idonsa ya sauka a kaina.

Wallahi ban yi niyya ba. Ban ma san na buɗe baki ba. Na dai ji kaina ina cewa, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Da a nan na tsaya da na tsira, ai mutanen Dakar ma Musulmi ne. Amma wa ya taɓa yin rabin gaisuwar mutuwa? Na riga na durƙusa, na kama hannunsa da hannu biyu. "Baba, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah shi jiƙanta, shi sa ta huta, shi kai haske kabarinta. Allah shi raya abin da ta bari."

Tsoho ya riƙe ni gam, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Amin, amin, ɗana. Allah ya ba da lada." Ya share ido, ya ƙara dubana, ya ce, "Kai mutumin Maraɗi ne ko? Na ji bakin."

Na ji ƙarar jarka ta faɗi a bayana. Ɗan ƙiban nan ya ƙwala ihu, "Musyu yana jin Hausa!" sannan ya tuna abin da ya daɗe yana faɗa mini, ya ruga aji da gudu. Malama Ladi ta dube ni, ta kama hannun Nana ta shige da ita. Har na bar garin ba ta ƙara yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

A ofis ciyaman ya yi ta buga tebur, wai an mai da shi abin dariya a gaban abokinsa, wai an yaudari iyaye. Madam ta ce ita ma yaudararta na yi. Na karɓi laifin, domin na gane so take ta tsame kanta ta tsame Kawu, a ƙare a kaina ni kaɗai. Da a haka aka tsaya da na gode Allah. Sai aka turo ƙofa, ga Kawu, hula a hannu, wandonsa jiƙe da ruwa. Na yi masa ido, na girgiza kai, ina! Ya durƙusa da wannan gwiwar tasa a gaban ciyaman ya ce, "Ranka shi daɗe, a yi mishi aikin gafara. Ɗan ƙanwata ne, ni na kawo shi. Karatunshi na gaskiya ne. In laifi ne, nawa ne."

Ciyaman ya dubi Madam ya ce, "Mai ruwa?" Madam ta rufe fuska da hannu. Daga baya ta same mu a bayan aji, idonta ja, ta ce, "Baba Ila, me ya sa ka shigo? Na ce maka ba zan iya ba." Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Kafin mako ya zagayo, motar tanka ce take kawo wa makarantar ruwa.

Na ce ba zan tafi in bar shi haka ba, ni zan riƙa tura kurar. Na gwada. A hawan farko, ban kai rabi ba ta rinjaye ni, ta dawo da baya, jarkoki suka tarwatse cikin kwata, mata suna leƙowa suna salati. Tafin hannuna ya ɗaye. Kawu ya tattara jarkokin, da muka koma ɗaki ya ce, "Isuhu, tahi gida. Hannunka na alli ne. In ka zauna, baki biyu zan ciyar." Na ce, "Kawu, ka yafe mini." Ya ce, "Mi ka yi? Gaisuwa ka yi. Da ka yi shiru da na ji kunyarka." Ya faɗi haka ne don in ji sanyi, amma ban ji ba, kuma har yau ban ji ba. Ni ba gaisuwar nake da-na-sani a kai ba. Tafiyar ce tun farko, da na zauna a ajina na zana da mutumin nan yana kan hanyarsa mai gangare.

Komowa ba ta da labari. Na kwana a Katsina, na tsallako da safe, jami'in cukun nan ma ban same shi ba. Na tarar an yanke gero, an buɗe lakwal, an ba wani ajina. Kwat ɗin tana nan, Sani, in kana so.

Shekaranjiya na kira Kawu da hantsi. Ya daɗe bai ɗauka ba, da ya ɗauka kuma sai da ya yi ta haki kafin ya iya amsa sallama. Na ce ina yake, ya ce yana nan cikin unguwa, ya ɗan tsaya ne ya sa dutse a ƙarƙashin taya. Na ce ya ƙafar, ya ce lafiya lau. Sannan ya ce, "Af, na gamu da tsohon nan, kakan yarinyar. Ya ce in gaishe ka da kyau. Jaririn ma yana nan, an sa mishi suna." Na ce ina amsawa. Ya ce, "To bari in ƙarasa, masu ruwan suna jira can sama."

Ya jefa wayar a aljihu bai kashe ba. Na ji ya ce bismillah, na ji ya ture dutsen da ƙafa, taya ta fara kuka, ruwa yana bugun jarkoki. Ya tura, ya tsaya, ya tura, ya tsaya, numfashinsa yana fita da ƙyar. Ina ta kiran "Kawu, Kawu," ba ya jina. Ban iya kashewa ba. Ina riƙe da wayar a kunne har katina ya ƙare, kuma bai kai saman ba tukuna.